Ƙusoshin Birkin Motar Auta

A layin gareji kowa Sai-Gobe yake kiransa, kuma ba shi ya zaɓi sunan ba. Ka kawo masa mota da hantsi ka ce birki na ƙara, ka tambaye shi yaushe za ka dawo, ko ɗago kai ba zai yi ba zai ce maka, "Sai gobe." Aikin da wani bakanike zai gama kafin ka gama gaisawa da mutane, shi sai ya wuni a kansa. Da fari direbobi sun riƙa faɗar sunan da tsokana. Daga baya, in mutum zai yi doguwar tafiya da iyalinsa, wajensa yake kai mota, ya haƙura da goben.

Asalinsa ba mutumin mota ba ne. Mahaifinsa gyaran keken ɗinki yake yi, a wajensa ya tashi, ya saba da ƙananan ƙarafa da ɗigon mai a inda ya dace. Da sana'ar ta ja baya, yana da shekara ashirin da 'yan kai, sai ya koma gareji. Ya tarar kowa inji yake so, don a nan suna yake. Birki kuwa aikin da ake yi a tsaitsaye ne, a cire tsofaffin takalman birki a cusa sababbi a ɗaure taya. Shi sai ya zauna a kan birkin, shekara talatin da takwas bai taɓa buɗe kan inji ba.

Abin da ke cinye masa wuni wasu ƙusoshi ne guda biyu. A kowace tayar gaba akwai kalifa, ƙarfen nan mai kama da muƙamuƙi da ke cafke faifan taya in an taka birki. Kalifar tana zamewa ne a kan ƙusoshi biyu masu santsi, tsawon yatsa, kowace da 'yar robarta mai hana ruwa da ƙasa shiga. In suna zamewa, birki ya kama ya saki. In sun cije, ya kama ya ƙi saki. Sai-Gobe zai zaro su, ya goge tsohon giris, ya kankare tsatsa, ya wanke ramin, sannan ya shafa sabo da ɗan yatsa, siriri, ba ya cikawa. Kuma ba kowane giris ba. Akwai wani fari na musamman wanda ba ya cin roba. Giris na gama-gari kumbura robar yake yi, bayan 'yan makonni ta shaƙe ƙusar. Ya sha faɗa wa masu sana'a irin tasa wannan magana har sun gaji da ji.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne idanunsa. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta fara rufe su, yana kallon duniya kamar ta gilashin da aka shafa wa sabulu. Ya koma aiki da hannu da kunne. Sifana kowace da ƙusarta a bango, yana ɗauka ba tare da ya duba ba. Mutane kuwa da murya yake gane su. Wayarsa ma, ya ce wa 'yarsa Auta yatsunsa sun yi kauri, ta saita masa: in ya danne ɗaya ita ce, in ya danne biyu mahaifiyarta. Maƙwabcinsa Mai Faci, wanda suka tsufa tare rumfa na jingine da rumfa, yakan ce, "Kai tsoho, yanzu sai an zo dab da hancinka kake amsa sallama, girman kai ne ya kama ka?" Sai ya yi dariya ya ce eh, shi ne.

Wata Asabar da misalin ƙarfe goma na safe, wata tasi ta shigo layin tana jan ƙafa, hayaƙi na tashi daga tayar gaba ta dama. Warin ya riga motar isowa. Direban ya fito yana yarfe hannu.

"Baba, mako uku fa kacal da ka yi mini aikin nan. Tun jiya take janye ni gefe, yau kuma ga abin da ta yi."

Sai-Gobe ya sa jak, ya jira ƙarfen ya huce, ya cire tayar. Da ya kama kalifa zai motsa ta, ta ƙi. Sai da ya sa filaya ya murɗa da ƙarfinsa duka kafin ƙusar farko ta fito. Ya laluba robar da yatsa. Ta yi laushi, ta kumbura, ta kusa ninka girmanta.

Ya san abin da ke yin haka, abu ɗaya ne tak.

"Wani ya taɓa maka birkin nan bayana?"

"Wallahi babu. Wa zan kai wa bayan kai?"

Ya miƙe ya shiga rumfa, ya ɗauko gwangwanin giris ɗin daga kan kanta. Sabo ne, mako uku da suka wuce ya saye shi. Ya tuna ranar: mai shagon kayan gyara yana fama da jama'a, shi kuma ya miƙa hannu ya ɗauki mai jan murfi daga inda ya saba ɗauka, ya biya ya fito. Bai ce a karanta masa ba. Ya juya gwangwanin a rana, rubutun ya zama wasu baƙaƙen layuka masu rawa.

"Kai direba," ya ce, muryarsa a ƙasa, "karanta mini nan."

Direban ya karɓa yana kallonsa da mamaki. "An ce na boris ɗin taya ne, da hinjin ƙofa, da sarƙa. Ga kuma wani ƙaramin rubutu, wai kada a sa wa roba." Ya ɗago. "Baba, kai ba ka gani ba ne?"

Sai-Gobe bai ji tambayar ba. Yana lissafin ranar da ya buɗe gwangwanin. Motoci biyu ya yi a ranar. Ta farko ita ce wannan tasin. Ta biyu ƙaramar motar Auta ce, wadda ta saya hannu na biyu bayan ta fara koyarwa, ya kwance mata birkin gaba ɗaya ya ce ba za ta hau titi ba sai ya bi ta kanta da hannunsa. Yau da safe Auta ta ɗauki mahaifiyarta da jaririnta ɗan wata bakwai, za su dubo yayar mahaifiyar da aka yi wa aiki. Hanyar tana da doguwar gangara mai kwana uku, tafiyar awa guda daga gari. Ƙarfe tara suka tashi.

Gwangwanin ya suɓuce daga hannun direban lokacin da tsohon ya ture shi ya nufi rigarsa da ke rataye. Ya zaro waya ya danne ɗaya. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake. Ya sake. Sai ya tuna shi da bakinsa ya ce mata ko wa ya kira, ko shi ne, kada ta ɗauka tana tuƙi. Ya danne biyu.

Mai Faci ya bar tayar da yake dubawa a cikin ruwa ya zo ya tsaya. "Lafiya? Ka ga fuskarka kuwa?"

"Ɗauka mana," Sai-Gobe yake cewa da wayar. "Ɗauka, baiwar Allah." Ya san inda wayar matarsa take, can ƙasan jaka, ƙarƙashin kayan jariri. A kira na huɗu aka ɗauka.

"Malam, lafiya? Yaron nan sai yanzu ya yi barci, kai kuma..."

"Kun iso gangara?"

"Yanzu muka fara sauka. Me ya faru?"

"Buɗe muryar wayar ki riƙe ta kusa da Auta. Maza."

Ya ji ƙugin iska, sannan muryar 'yarsa. "Baba, dama ina son in kira ka. Tun ɗazu motar ke ja na dama, kuma wani wari..."

"Auta, ji ni da kyau. Nemi gefe ki tsaya yanzu. Taka birki a hankali."

Da ta sake magana muryar ta sirance.

"Baba, ya tafi ƙasa. Babu komai a ƙarƙashin ƙafata."

Abin da yake tsoro ke nan. Birkin ya yi ta goga faifai tun daga gari, zafi ya tafasa man birki. Ya ji matarsa ta fara salati da ƙarfi, jariri ya farka ya tsanyara kuka. Ya dafa kafaɗar Mai Faci. Muryar da ta fito daga bakinsa irin wadda ya koya wa Auta tuƙi da ita ce a filin ƙwallo, ba gaggawa.

"Kada ki taka ki riƙe. Taka ki saki, taka ki saki, da sauri. Giya nawa kike?"

"Huɗu."

"Koma uku. Saki kulochi sannu."

Injin ya yi ruri ta cikin wayar.

"Na koma. Baba, gudun bai ragu sosai ba. Ga kwana."

"Ki sha kwanar, idonki a kan titi. Kin iya. Ki bar kukan yaro, mamanki na riƙe da shi." Ya ƙirga numfashinsa uku. "Kin fita?"

"Na fita. Akwai babbar mota a gabana, tana rarrafe. Ina cim mata."

"Akwai mai zuwa a ɗaya hannun?"

"Ban gani ba, kwana ce!"

"To kada ki wuce ta. Giya biyu. Injin zai yi ihu, ki ƙyale shi."

Ihun ya zo, har direban tasin da ke tsaye gefe ya runtse ido.

"Yanzu birkin hannu. Danne maɓallin da babban yatsa, kada ki sake shi. Ja kaɗan. Kaɗan, Auta, in kika fizga za ta juya da ku. Kina jin tana riƙewa?"

"Tana riƙewa. Amma motar nan ta yi kusa, Baba, ina ganin lambarta."

"Me ke gefen damanki? Rami ko fili?"

"Fili ne, an zube tsakuwa a gaba, ta masu gyaran hanya."

"Shiga. Miƙe sitiyari ki shiga cikinta. Maman Auta, rungume yaron ki duƙa."

Ya ji ƙarar duwatsu na dukan ƙarfe, wani dogon gurzawa, wani abu ya buga. Sai wayar ta yi tsit. Ba ta katse ba, amma babu murya.

"Auta." Babu amsa. "Auta. Maman Auta."

Layin garejin gaba ɗaya ya taru bai sani ba. Mai walda ya kashe wutarsa. Ba wanda ya yi tari. Sai-Gobe ya matse wayar a kunne har ta yi masa shaida a fata. Can ya ji kuka, siriri, daga nesa, kukan jariri mai cike da fushi. Sannan ƙarar hannu na lalube a ƙarƙashin kujera.

"Malam," in ji matarsa, tana haki. "Mun tsaya. Duk muna lafiya. Wayar ce ta faɗi."

Ya zauna a ƙasa, cikin baƙin mai da ƙura, da rigarsa ta aiki. Ya ce su fita daga motar su yi nesa da tayar dama, kada kowa ya zuba mata ruwa, yana nan tafe.

Mai Faci ya riga ya tayar da babur. Suka ɗaure jakar kayan aiki da jak a baya. A shagon kayan gyara Sai-Gobe ya sa aka tsaya. Ya nemi robobi sababbi, da takalman birki, da man birki, da giris. Da mai shagon ya miƙo gwangwanin, bai karɓa ba.

"Karanta mini abin da ke jiki. Duka. Da ƙarfi."

"Haba Baba, kai da ka fi ni sanin..."

"Ba na gani," ya ce. Akwai mutum huɗu a shagon, duk sun ji. "Karanta."

A hanya Mai Faci bai yi tsokana ko ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa ba a shekara talatin. Sai da suka yi nisa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Allah ya shirye ka," in ji Mai Faci, ya ƙara wuta.

Sun tarar da motar ta nutsa hanci cikin tsakuwa, bamba ta karye, fitila ɗaya ta fashe. Bayan tarin tsakuwar da taku goma ƙasa ta yanke, sai kwazazzabo. Wannan Mai Faci ne ya gani, ya kuma yi shiru da bakinsa. Auta na zaune a kan dutse, hannuwanta a cinya. Da ta hango mahaifinta ta taso ta faɗa jikinsa, sai a lokacin kukan ya zo mata.

"Baba, ban san me na yi wa motar ba."

Da ya so, da ya bar maganar a haka. Tsohuwar mota ce, birki kuma yakan mutu. Ya janye ta daga jikinsa ya riƙe kafaɗunta.

"Ba ki yi komai ba. Ni na yi. Giris ɗin da na sa miki ba shi ba ne. Na ɗauko ban iya karanta gwangwanin ba, na kuma ji kunyar tambaya. Idona ya tafi, Auta. Fuskarki ma yanzu inuwa nake gani."

Auta ta tsaya tana kallonsa, baki buɗe. Matarsa ce ta yi magana daga inuwar da take zaune da jikan a kafaɗa.

"Ka zaci ban sani ba? Mutumin da nake ajiye wa takalmi a wuri ɗaya kullum don kada ya yi lalube a gaban baƙi? Mutumin da ya gaishe da labule ya ce sannu da aiki? Na yi shiru don kada in zubar maka da girma. Na ce ai hannunsa ya san aikin. Yau shirun nan nawa da naka ya kusa cinye mini 'ya da jika. Ni da kai duk ba mu kyauta ba, Malam, amma kai ka fi."

"Na fi," ya ce.

Ba ta ƙara ba, shi ma bai nemi ta sassauta ba.

Wasu masu babbar mota suka taimaka aka turo motar baya zuwa wuri mai tauri. Mai Faci ya sa duwatsu a bayan tayoyi, ya ɗaga ta a jak. Sai-Gobe ya durƙusa, ya taɓa faifan da bayan hannu, ya ji ya huce. Ya kwance kalifar, ya yi fama da ƙusoshin har suka fito. Sannan ya tsaya da su a tafin hannu.

"Auta, zo ki zama idona."

Ta durƙusa kusa da shi da kayanta na fita, ta naɗe hannun riga.

"Goge wannan. Me kike gani?"

"Baƙi-baƙi a tsakiya, kamar ya ƙone."

"Akwai rami-rami a jikin ƙarfen, ko santsi ne?"

Ta juya ta a rana. "Santsi ne."

"To za ta yi. Ci gaba da gogewa har sai kin ga fuskarki. Naɗa tsumma a kan sukudireba ki share cikin ramin, kada ki bar ko ɗigon tsohon. Ya fito da tsabta?"

"Da saura."

"Sake."

Sau biyar ta sake. Ya cire kumburarrun robobin ya jefar, ya sa sababbi da yatsunsa, ita tana gaya masa ko bakin ya zauna daidai a gurbinsa. Ta buɗe sabon gwangwanin, ta karanta masa shi ma tun daga sama har ƙasa ba tare da ya roƙa ba. Ya lakato kaɗan ya shafa wa ƙusar farko, ya ba ta ta biyu.

"Siriri. In kin cika, iska za ta toshe a ciki ta hana ta shiga."

Ta tura ƙusar cikin ramin. Ya ɗora hannunsa a kan nata, suka ja kalifar gaba, suka mayar da ita baya. Ta tafi sumul, ta dawo sumul.

Suka yi ɗaya tayar ma haka, don ita ma robarta ta fara tashi. Suka canza takalman da suka ƙone. Sannan Auta ta shiga tana taka birki, Mai Faci na zuba sabon mai a sama, shi yana kwance a ƙasa yana buɗe ƙusar fitar da iska yana rufewa, yana cewa, "Taka. Riƙe. Saki," har birkin ya yi tauri a ƙafarta. Rana ta karkata kafin su gama. Ba a je dubiya ba a ranar. Auta ta juya da motar gida a giya biyu da uku, babur na biye da ita.

Motoci bakwai ya yi wa aiki da wancan gwangwanin. Bai taɓa rubuta sunan kowa ba, amma ya san kowace mota da kukan birkinta da mai ita. Kwana huɗu Mai Faci na goya shi a babur, daga tasha zuwa ofis zuwa ƙofar gida, yana sallama yana cewa, "Na yi maka kuskure a birki, kada ka sake hawa sai na gyara." Wani ya gode masa. Wani ya zage shi a gaban matarsa, ya ce dama makaho ke taɓa masa mota. Biyu sun bari ya gyara, ba su sake dawowa ba har yau. Labarin ya zaga layin, aiki ya ragu, bai yi gardama da kowa ba.

Mijin Auta ne ya kai shi asibitin ido. Likita ya duba ya ce yanar ido ce kawai, aikin minti ashirin, ya tambaye shi me ya zaunar da shi shekara biyu. Aka yi na dama, bayan wata ɗaya aka yi na hagu.

Ranar da ya koma gareji da sabon tabarau, ya tsaya a bakin rumfarsa ya daɗe yana kallo. Yanar gizo ta cika kusurwoyi, kwanon rufi ya huje wuri uku, kalandar da ke bango ta shekarar da ta wuce ce. Mai Faci ya leƙo yana goge hannu, yana washe baki.

Sai-Gobe ya dube shi sama da ƙasa. "Subhanallahi. Ashe haka ka lalace? Ina haƙoranka na gaba?"

"Tun bara suka fita, kana nan ana cire su," in ji Mai Faci. "Ka ga, in ganin nan zai sa ka rashin kunya, a mayar maka da yanarka."

Wata mota ta tsaya a bakin layin, mai ita ya sauke gilashi yana tambayar ina mai birki. Sai-Gobe ya ɗauki tsintsiya ya ce masa ya gyara fakin ya jira, zai share wurin tukuna.